Kafofin USB shuɗi sun ƙi gudu a macOS, a taimaka min

Nura Edita:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Akwai wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa ya ɗora mata macOS a cikinmu? Na haɗa tawa ne saboda Final Cut Pro, bidiyon biki nake tacewa. Madabod ɗin mai Z390 ce, da i7-9700K, da katin hoto RX 580, macOS Ventura a kan OpenCore (manhajar da ke tayar da macOS a kwamfutar da ba ta Apple ba), Windows kuma tana kan wani faifai daban. Komai lafiya lau sai abu biyu. In na jona faifan SSD na waje a kafar USB shuɗiya, kwafi ba ya wuce 38MB a daƙiƙa. In na koma Windows, kafar nan dai, kebul ɗin nan dai, sai ya haura 400MB. Na biyun, in na sa ta barci, ko fanka bai gama tsayawa ba sai ta farka. Aikin mutane yana hannuna, amare sun fara kira.

Abba Sofwaya:
Wa alaikumus salam. Ai ka ba kanka amsa Nura. Ka ce a Windows tana gudu. To me ya hana ka zauna a inda take gudu?

Nura Edita:
Final Cut ba ya hawa Windows, Abba, kuma hannuna a kansa ya saba.

Zainab Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam Nura, ka jona SSD ɗin, ka buɗe System Report, ka shiga wajen USB, ka danna sunan faifan. Me aka rubuta a gudunsa? Sannan ka duba foldar Kexts, wato ta direbobi, da ke cikin EFI ɗinka, foldar da OpenCore ke zaune a ciki, ka faɗa mana me da me ke ciki da ya shafi USB.

Nura Edita:
An rubuta 480 Mb/s. A Kexts kuma akwai USBInjectAll kawai. Saitin XhciPortLimit na OpenCore a kashe yake, haka na same shi a EFI ɗin da na sauke.

Malam Habibu:
To alhamdu lillahi, babu abin da ya lalace. Kafofinka lafiyarsu ƙalau, macOS ce ba ta ga rabinsu ba.

Tun El Capitan, a 2015, macOS ba ta karɓar kafa fiye da 15 a kan kontirola ɗaya ta USB, wato cif ɗin da ke kula da kafofin. Dalilin yana cikin yadda take ba kowace kafa lamba: harafi ɗaya ne na lissafin heksa aka ware wa lambar kafar, daga 1 zuwa F, wato 15. Kwamfutocin Apple ba sa damuwa da wannan, don kowace tana da taswira, wato jerin kafofinta, a rubuce cikin manhajar, kuma ba sa kai wannan adadin. Taka kuwa babu wanda ya rubuta mata.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne lissafi. Kai kana ƙirga ramukan da idonka ke gani a jikin kes. Ita kuma ba haka take ƙirgawa ba. Kowace kafa shuɗiya kafa biyu ce a wajenta, domin a cikin ramin akwai wayoyin USB 2 daban, akwai na USB 3 daban. Ɓangaren USB 2 ana kiransa HS, na USB 3 ana kiransa SS. Kontirolar Z390 tana da HS01 har HS14, sai wasu biyu USR1 da USR2 waɗanda ba su da rami a waje ma, sannan SS01 har SS10. Jimla 26.

Yanzu ka ɗauka bas ce mai kujera 15, fasinja 26 a layi, 'yan HS ne a gaba. Su 14 suka shige, na 15 ya bi su, aka rufe ƙofa. Duk 'yan SS suna tasha. Shi ya sa SSD ɗinka yake aiki amma da gudun USB 2, don ta wayoyin HS kaɗai ake magana da shi. 480 megabit ɗin da ka gani shi ne ƙarshen ƙoƙarin USB 2, kuma a aikace bai cika wuce 40MB a daƙiƙa ba.

Nura Edita:
Ikon Allah. Allah ya ƙara ilimi Malam. To ba sai in kunna XhciPortLimit ɗin ba kawai? Na ga ana cewa shi ne yake cire iyakar.

Zainab Injiniya:
Kar ka mayar da shi magani. An yi shi ne don a samu a ga kafofin na ɗan lokaci a yi taswira, sannan a kashe. Yana tura manhajar ta rubuta bayanai a wurin da ba a ware musu ba, to komai na iya biyo baya. Kuma da Big Sur 11.3 ta fito ya daina aiki, mutane da yawa suka wayi gari kafofinsu sun mutu. Duk sabuntawar da ta zo za ta iya sake karya shi. Tunda kana da Windows a gefe, aikinka ya zo da sauƙi: ka yi taswirar a can da USBToolBox. Windows ba ta da wannan iyakar, za ka ga kafofin duka a lokaci guda.

Salisu Damagaram:
Ina biye da ku daga nan. Ni USBMap na yi aiki da shi a cikin macOS ɗin kanta, ban taɓa Windows ba, kuma ya yi.

Zainab Injiniya:
Yana yi Malam Salisu, ba musu. Sai dai a ciki za ka riƙa kallon kafofin kashi-kashi ne, ka kunna wasu, ka sake tayar da kwamfuta, ka kunna sauran. Kuma fayil ɗin da yake fitarwa a ɗaure yake da samfurin Mac ɗin da ka sa a SMBIOS, saitin da ke sa kwamfutar ta bayyana kanta a matsayin Mac. Ranar da ka canza daga iMac19,1 zuwa wani, taswirar ta daina aiki sai ka gyara ta. Na USBToolBox bai damu da samfurin ba.

Abba Sofwaya:
Ku ji fa. Mutum yana son ya kwafi bidiyon kamu da na ɗaurin aure, an kai shi ga lissafin heksa. DaVinci Resolve kyauta ne, yana hawa Windows, kuma a wajen gyaran kala babu wanda zai ce Final Cut ya fi shi. Mako biyu ka zauna ka koya, ka huta.

Nura Edita:
Abba, wanda amarya ke kira sau uku a yini ba shi da mako biyu. Hajiya Zainab, na sauke USBToolBox, na buɗe, wani baƙin allo ne da haruffa. Daga ina zan fara?

Zainab Injiniya:
Kafin komai ka kwafi foldar EFI ɗinka mai aiki ka sa a filash ka ajiye gefe. In wani abu ya karkace, da ita za ka tashi.

Sai ka nemo abu uku: tsohon filash na USB 2 ko maus mai waya, filash na USB 3, da wani abu mai bakin Type-C. Danna D. Ka bi kafofin ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, kowace ka jona na USB 2, ka jira sunansa ya fito, ka cire, ka jona na USB 3. Kar ka yi sauri, allon yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya sabunta. Ka riƙe takarda da biro ka zana bayan kes ɗin, kowane rami ka rubuta lambobinsa a kai. Wannan takardar za ta yi maka amfani fiye da yadda kake zato.

Ta Type-C kuwa, ka jona, ka ga lambar da ta fito, ka cire, ka juya bakin kebul ɗin ka sake jonawa. In lamba ɗaya ce ta fito duka biyun, lambar nau'in da za ka ba ta a taswirar 9 ce. In ta canza, 10 ne, kuma gurbi uku za ta ci maimakon biyu.

Nura Edita:
Na gama. Ga abin da na samu. A baya akwai baƙaƙe 2, shuɗi 4, ja 1, Type-C 1, kuma da na juya ta lambar ta canza. A gaba shuɗi 2. Sai wata guda da ta fito da kanta ban jona komai ba, an rubuta Bluetooth.

Malam Habibu:
To mu yi lissafi. Baƙaƙe 2, gurbi 2. Shuɗin baya 4, gurbi 8. Ja, gurbi 2. Type-C, gurbi 3. Shuɗin gaba, gurbi 4. Bluetooth, 1. Ka ga 20 ke nan. Biyar za su tafi.

Ita wannan ta Bluetooth ɗin, ita nake zargi da hana kwamfutarka barci. Katin Wi-Fi irin na Broadcom da ake sawa a PCIe, Wi-Fi ɗin ne kawai yake bi ta PCIe. Bluetooth ɗin ta wani ɗan siririn kebul yake bi zuwa fil tara na USB 2 da ke jikin madabod. In ba ka gaya wa macOS cewa wannan kafar ta ciki ce ba, za ta ɗauke ta kamar wani ne ya jona abu daga waje, da ta kwanta sai ya tashe ta. Ka ba ta nau'i 255. Baƙaƙen ka ba su 0. Shuɗi da ja ka ba su 3, kuma ka lura, har rabinsu na HS 3 za ka ba shi, don nau'in yana bayanin siffar ramin ne, ba gudun layin ba. Nan ne mutane da yawa suke sa 0.

Salisu Damagaram:
Biyar ɗin ba wuya ba ne. Ka cire rabin HS na shuɗin baya guda huɗu da na jar. Shi ke nan, duk ramukanka suna nan da rai, kuma duka suna gudu. Haka na yi wa tawa.

Zainab Injiniya:
A nan kam ban bi ka ba Malam Salisu. Kafar da aka cire wa HS, in ka jona kibod ba zai yi ba, maus ba zai yi ba, firinta ba za ta yi ba, wayoyin hannu da yawa ma ba za su fito ba don ta USB 2 suke magana ko da bakinsu Type-C ne. Kai ka san abin da ka yi, amma yaron shago bai sani ba. Zai jona abu ya ƙi, ya ce kafar ta ƙone, ya fara jijjiga kebul. Bayan wata shida kai kanka ka manta wacce ce wacce. Gara a kashe rami gaba ɗaya a manna masa salatif, waɗanda suka rage kuma su karɓi duk abin da aka kawo musu.

Salisu Damagaram:
Hajiya, mai editin me yake jonawa a baya? Faifai, faifai, faifai. Kibod da maus suna da baƙaƙensu biyu. Filashin kwastoma yana da na gaba, waɗanda ban taɓa ba. Don me zai kashe kafa mai gudun 5Gb saboda tsoron yaron shago? A koya wa yaron.

Zainab Injiniya:
Sai ranar da ya sayi hob, abin da ke raba kafa ɗaya zuwa ramuka da yawa, ya jona a ɗaya daga cikinsu. Hob na USB 3 shi ma gida biyu ne a ciki, rabinsa na USB 2 ta HS yake bi. Zai ga faifai yana yi, makirufo ya ƙi, ya ce hob ɗin jabu ne ya koma ya yi rigima da mai kaya a banza.

Salisu Damagaram:
Wannan kuma gaskiya ne, amma ba kowa ke sa hob ba.

Malam Habibu:
Ku duka kuna da hujja, amma ni a wannan kwamfutar ina bayan Zainab, don ba mutum ɗaya ke taɓa ta ba. Sai dai kafin a yanke, Nura, kana da wani abu da kake jonawa a Type-C ɗin nan ta baya?

Nura Edita:
Babu Malam. SSD ɗina ya zo da kebul biyu, mai faɗin nake amfani da shi. Sai yau na taɓa jona abu a cikinta.

Malam Habibu:
To ka ga gurbi uku a wuri ɗaya. Ka cire ta, ka ƙara da shuɗiya ɗaya ta baya, wadda ta fi wuyar kaiwa hannu. Uku da biyu, biyar. Ka rage da baƙaƙe 2, shuɗin baya 3, ja 1, na gaba 2, da Bluetooth. Ka ƙirga: 2, 6, 2, 4, 1. 15 daidai. SSD ɗin ka riƙa sa shi a jar, a yawancin madabod na wannan zamanin ita ce mai 10Gb, amma ka duba littafin taka ka tabbatar.

In nan gaba kafofin sun yi maka kaɗan, hanya biyu ce. Abin da ke bayan hob ba ya shiga lissafin 15, saboda haka hob mai cajarsa a kafa ɗaya zai ba ka ramuka da yawa, sai dai gudun kafa ɗayar za su raba. Ko ka sa katin USB na PCIe. Shi kontirola ce mai zaman kanta, da nata 15 ɗin. Masu cif ɗin Fresco Logic FL1100 macOS tana gane su ba tare da an ƙara komai ba.

Abba Sofwaya:
Wato ya sayi madabod da kuɗinsa, ya rufe mata ramuka biyu da salatif, sannan ya sake sayen kati don ya samu ramuka. Allah ya ba ku haƙuri.

Bari in faɗi wadda ba ku so. Apple ta sanar a 2025 cewa macOS 26 Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Tun 2020 da suka fitar da M1 aka san inda aka dosa. Duk wannan wahalar a kan abin da kwanansa ya kusa ƙarewa ake yi. Mac mini mai M4 da ta fito a 2024 dala 599 aka sa mata, da RAM 16GB. Ban ma taɓo zancen lasisi ba, wanda ya ce macOS a kan na'urar Apple kaɗai aka yarda a ɗora ta.

Nura Edita:
Dala 599 a can, Abba. Ka juya ta zuwa naira, ka ƙara kuɗin kawowa da ribar mai shago, sannan ka tuna faifan cikinta 256GB ne, biki biyu ya cika shi. Wannan kuwa tana gabana, na riga na biya.

Malam Habibu:
Maganar Abba ba ta faɗi ƙasa ba. Wanda zai fara haɗa sabuwa yau don macOS, ni ma zan ce ya sake tunani. Amma ranar da Apple ta daina fitar da sabuwar manhaja, kwamfutar Nura ba za ta mutu ba, Final Cut ɗin da ke kanta zai ci gaba da yanka bidiyo kamar jiya. Zancen lasisin ma gaskiya ne, haka yake a rubuce, kowa ya san da shi ya shiga.

Admin:
Jama'a, muhawarar Mac da Windows mun sha yin ta a nan, ba a taɓa tashi da wanda ya sauya ra'ayi ba. A bari Nura ya gama aikinsa tukuna.

Nura Edita:
Na danna S, na kashe biyar ɗin, na sa nau'o'in, na danna K, ya fitar da UTBMap.kext. Shi kaɗai zan sa?

Zainab Injiniya:
A'a, su biyu ne. USBToolBox.kext da UTBMap.kext, duka a foldar Kexts, kuma a config.plist, fayil ɗin saitin OpenCore, na farkon ya riga na biyun a jeri. In ka ga UTBDefault.kext a cikin abin da ka sauke, kar ka sa shi, na wanda bai yi taswira ba ne. Ka cire USBInjectAll daga foldar da kuma config ɗin, kar ka goge fayil ka bar sunansa, OpenCore zai tsaya yana nemansa. In kana da ProperTree, manhajar gyara config ɗin, ka yi snapshot zai daidaita maka jerin. XhciPortLimit ya zauna a kashe.

Ka leƙa foldar ACPI kuma ka ga ko akwai SSDT-EC-USBX. Shi ne yake gaya wa macOS yawan wutar da za ta ba kafofin. USB 2 a ƙa'ida 500mA take bayarwa, USB 3 kuma 900mA, faifan waje mai juyawa yana son wutarsa cikakkiya.

Nura Edita:
Yana nan. Na tayar. Alhamdu lillahi! System Report ya nuna 5 Gb/s a shuɗi, fayil mai 100GB da yake cin fiye da minti 40 yanzu bai kai minti 5 ba. Barcin ma ta yi, na bar ta na je na yi sallar la'asar na dawo tana kwance. Allah ya saka da alheri, Malam Habibu, Hajiya Zainab, Malam Salisu. Abba kai ma na gode da tsokana.

Amma ga wani sabon abu. In ina kwafi, maus ɗina mara waya sai ya riƙa tsalle yana maƙalewa. Da ba ya yi.

Abba Sofwaya:
An fara.

Malam Habibu:
Wannan ba na macOS ba ne Abba, a Windows ma yana faruwa. USB 3 in tana aiki tana fitar da hayaniyar rediyo a kusa da 2.4GHz, inda maus mara waya da Bluetooth suke magana. Intel ta fitar da takarda a kan haka tun 2012. Da ba ka ji ba ne don kafofin ba sa gudun USB 3. Nura, ina ka sa ɗan makullin maus ɗin?

Nura Edita:
A gaba, kusa da inda na jona SSD ɗin.

Malam Habibu:
Ka raba su. SSD ya koma jar baya, makullin ya zauna a baƙa, ko ka samo ɗan kebul na ƙari na USB 2 ka jawo shi kan tebur kusa da hannunka. Kebul ɗin faifan ma in mai araha ne marar rufi mai kyau, ya fi zubar da hayaniyar.

Salisu Damagaram:
Tunda ana maganar barci, ni tawa har yanzu tana farkawa jefi-jefi, kuma Bluetooth ɗina 255 yake. An ce in sa facin GPRW, mai hana USB tayar da ita daga barci.

Zainab Injiniya:
Kar ka yi saurin sa shi, yana hana kibod da maus tayar da kwamfuta, sai ka riƙa danna maɓallin wuta. Ka buɗe Terminal ka rubuta pmset -g log, ka nemi layukan Wake ka ga abin da aka ce ya tashe ta. In XHC ne, wato kontirolar USB, akwai wani abu na ciki da ka manta. Kana da na'urar sanyaya ta ruwa ko fitilun kes masu kebul zuwa fil tara?

Salisu Damagaram:
Akwai fitilu, kuma kebul ɗinsu a nan yake.

Zainab Injiniya:
To ita ma wannan kafar 255 za ka ba ta, ko ka cire ta daga taswirar in ba ka sarrafa fitilun daga macOS. Ka samu gurbi ɗaya ke nan ka mayar wa ɗaya daga cikin shuɗin nan naka rabinta.

Nura Edita:
Maus ya daidaita. Tambaya ta ƙarshe, tunda komai ya zauna, in hau macOS Sonoma, wadda ta biyo bayan Ventura?

Malam Habibu:
Taswirarka za ta bi ka, amma Wi-Fi ɗinka ba zai bi ba. Sonoma ta cire direbobin katunan Broadcom irin naka, sai an yi faci na daban kafin su dawo. Ka sallami amaren tukuna a kan Ventura, in hannunka ya yi sauƙi ka buɗe sabon zance mu duba.